A mayar da Kura Dubai? To, wa zai kama hayar shagunan?

In kana son ganin kuɗi da idonka, ba na hoton 'yan kirifto ba, ka yi sammako a watan Fabrairu ka kama titin Zariya. Ka wuce Na'ibawa da Dangwauro, ka haye gadar Tamburawa, ka bar Karfi a bayanka. Tun kafin ka shiga Kura hancinka zai fara ba ka labari: ga warin albasa, ga tururin shinkafar da mata ke turarawa, ga ƙurar injin casa. Ka ƙara gaba zuwa Kwanar Gafan, nan kuma kwandunan tumatir ne iya ganinka, manyan motoci sun ja layi suna jiran lodin Legas da Fatakwal. Za ka ga yaron da bai fi shekara 22 ba ya zaro waya ya tura wa manomi miliyan biyu, yana shan rakensa, ko a jikinsa.

Duk wanda ya ga haka dole ya yi tambayar da samarin yankin ke yi a majalisa da kuma Facebook: to wai ina kuɗin nan ke shiga ne? Me ya sa har yau Kura ba ta da katafaren kantin zamani irin na Ado Bayero da ke titin Gidan Zu? Ina rukunin gidaje mai get da mai gadi? Ina otal mai hawa biyar? Bunkure fa, laifin me ta yi? Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa zane, kowa na iya haɗa hoton Kura da dogayen benaye na gilashi, ya rubuta "Kura 2040 insha Allah" a ƙasa, a yi ta zuba masa alamar zuciya har gari ya waye.

Ni ma hoton yana burge ni, ba zan ɓoye ba. Wa ya ƙi garinsu ya yi kyau? Sai dai akwai tambayar da ba na ganin ana yi. Ranar da aka yanke ƙyalle, aka ci shinkafa da kaza, manyan baƙi suka shiga motocinsu suka koma birni, washegari wa zai zo ya kama hayar shagunan? Kuma da wane ciniki zai biya?

Kuɗin akwai, amma a san irinsa

Ruwa ne ya yi yankin nan. Gwamnatin marigayi Audu Bako ce ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga can ruwan ke biyo babbar magudana, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Ba injin ban-ruwa, ba janareta, gangara kawai yake bi. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, abin da aka samu aka gyara kuwa wajen hekta 15,000 ne, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Da kachala da yashi suka toshe magudanu, shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya zo ya yi gyara. Wannan ruwan ne ya sa manomin Kura ke girbi sau biyu, wani ma sau uku a shekara, alhali ɗan uwansa na tudu yana zaune yana jiran hadari.

Mutane ma akwai su. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kura mutum wajen dubu 144, Bunkure wajen dubu 170, kuma daga lokacin zuwa yau an yi aure an yi suna ba adadi. Amma ka lura, wannan lissafin ƙaramar hukuma ne gaba ɗaya, ba na cikin garin Kura ko garin Bunkure ba. Jama'ar a warwatse take: Dan Hassan, Gundutse, Kosawa, Barkum, Gurjiya, Kumurya, kowa da kasuwar da yake ci, kowa da mai shagon unguwa da ke ba shi bashi har kaka. Shi mai gina babban kanti ba kawuna yake ƙirgawa ba. Abin da ke hana shi barci shi ne, mutum nawa za su shigo ranar Talata da rana tsaka a watan Agusta, ɗauke da kuɗin da ba na taki ba?

Nan gizo ke saƙar. Kuɗin manomi ba albashi ba ne, a dunƙule yake zuwa, a dunƙule yake tafiya. Daga Janairu zuwa wajen Afrilu gari na ci, mai shayi ya samu, mai tsire ya samu, mai caji da mai POS har sai sun gaji da irge. To ka koma Kwanar Gafan a watan Yuli ka gani. Rumfuna ne da awaki. Yawancin waɗanda suka cika wurin baƙi ne, 'yan lodi da dillalai da direbobi, kaka na wucewa kowa ya kama gabansa. Shi kuwa shago bai san kaka ba. Haya wata 12 ce, mai gadi wata 12, man janareta kullum.

Ita kakar ma ba ta da alƙawari. A 2016 tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna Sharon ta share gonakin tumatir cikin 'yan makonni. A farkon 2023 rikicin canjin kuɗi ya faɗo daidai lokacin da tumatir ya nuna, ga kaya ga mai saye amma babu takardar naira, tiransifa kuma ta ƙi tafiya. A 2025 farashin shanshera ya rikito bayan gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba tare da haraji ba a 2024, taki kuwa yana can sama bai sauko ba. Mutumin da ya sha irin wannan sau uku cikin shekara goma, ka ce ya zo ya sa hannu a takardar biyan gida kaɗan-kaɗan duk wata na tsawon shekara 15? Zai yi maka murmushi ya ce Allah ya sa alheri.

Ka duba ma abin da manomi ke yi in ya dace a shekara. Ya biya bashin taki da magani, ya ware na iri da na hayar gona, ya sayi sa ɗaya ko biyu ya ɗaure, ya canza babur, ya yi wa ɗa ko ƙani aure. In Allah ya buɗa sosai ya biya kujerar Makka, ko ya sayi gonar maƙwabci. Wasu 'yan boko na kallon wannan a matsayin rashin wayewa. Ni ban ga haka ba. San nan zai yi ƙiba a sayar da Babbar Sallah, gonar za ta haifi wata gonar. Kuɗin yana komawa inda ya fito ne.

Ɗan abin da ya rage na kashewa kuma, birni ke lashe shi. Tsakanin Kura da Kano kilomita 30 ne da ɗoriya, tun da aka gyara titin, in ba cunkoso, ba ka cika awa guda a hanya ba. Tambayi kanka, bikin da aka yi na ƙarshe a gidanku, ina aka haɗo lefe? Kwari. Wayar da ke hannunka? Farm Centre ko Beirut. Mai shagon layinku ina yake sari? Singa. Ke kuma 'yar uwa, ki faɗi tsakani da Allah, za ki yarda ƙawaye su ji cewa atamfar lefenki a Kura aka saye ta? Mutumin Azare ko Fataskum sai ya yi tunani sau biyu kafin ya kama hanyar Kano don sayen firij, shi ya sa dila ke bin sa har gida ya buɗe reshe. Mutumin Kura kuwa zai yi sallar Azahar a gida, ya je Kwari ya taya a shago goma, ya dawo ya samu Magariba. Kusanci da Kano alheri ne ga mai kayan gona, amma ga mai kantin kayan ƙawa a Kura, Kano kishiya ce, kuma uwargida.

Mu ɗan taɓa kalkuleta

Ga misali, lambobin nawa ne, kai ma kana iya sa naka. A ce ka kashe naira miliyan 200 ka gina filaza mai shago 40. Kowane shago ya ci miliyan 5 ke nan. In kana son uwar kuɗinka ta dawo cikin shekara 10, dole kowane shago ya ba ka dubu 500 a shekara. Wannan fa in duka 40 ɗin sun cika, har na saman bene da kowa ke gudu, ba wanda ya ci bashin haya, rufi bai yi yoyo ba, ba ka biya haraji ba. Kuma miliyan 200 ɗin da za ta dawo maka bayan shekara 10 ba ita ce wadda ka zuba ba, tunda a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. In kuwa bashin banki ka ci, ka duba ruwan da ake ɗorawa a 'yan shekarun nan, ka ga ko haya za ta iya kamo shi.

Yanzu juya ta ɓangaren mai kama shagon. Dubu 500 a shekara kusan dubu 42 ne a wata, kafin wuta, kafin yaron shago, kafin abincin gida. Kaya nawa mai sayar da takalma ko turare zai sayar a Bunkure cikin damina ya fitar da wannan? Ga wani can bakin tasha da teburinsa da lema, yana sayar da irin kayan, ba ya biyan ko rubu'in haka. Kwastoma kuma ba tayil ya zo gani ba.

Kada ka ce hasashe nake yi. Titin Zariyan nan da kake bi kullum, shi kansa makaranta ne. Ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana, waɗanda aka gina tare da Bandirawo a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Gidaje ne na gani na faɗa, da titi da fitilu. Amma shekaru suka yi ta wucewa da yawansu na kulle. Masu hali sun saya sun ajiye kamar gwal, mai neman wurin kwana kuma ba shi da kuɗin saye. Sai da ta kai a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ba masu gidajen wa'adi, ko su tare, ko su zuba 'yan haya, ko a karɓe. Wato gida ya sayu, amma gari bai tashi ba. Abu biyu ne daban.

Kafin 'yan jar hula su taso min, ga na ɗaya ɓangaren. Katafariyar kasuwar Dangwauro, wadda aka fara a zamanin Abdullahi Umar Ganduje da haɗin gwiwar kamfanin Brains and Hammers, an gina wa 'yan magani sashe guda a cikinta. Suka ce su Sabon Gari suka sani. Sai da kotu ta yi hukunci a Fabrairun 2024, NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da 1,000, sannan magana ta canza. Akwai dalilin lafiya mai ƙarfi a tashin nasu, ban musa ba. Abin da nake nuna maka shi ne, gini mai kyau bai isa ya janyo ɗan kasuwa ba, ƙafar mutane yake bi. Shoprite fa? Ta buɗe a kantin Ado Bayero a 2014, ta rufe a Janairun 2024, ta ce yanayin kasuwanci ne. A tsakiyar birni mai miliyoyin mutane ke nan.

Iyayenmu ma sun ga irin wannan tun kafin a haife mu. Otal ɗin Tafkin Bagauda, da aka gina don masu yawon buɗe ido, yau Makarantar Horon Lauyoyi ce. Rock Castle na Tiga ya shafe shekaru a yashe a kan dutsensa, ga ruwa ga iska mai daɗi, ba baƙo.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce ai Kano tafiya take yi, Na'ibawa ma da can bayan gari ce, yau ga ta a tsakiya. Za a ce ga layin dogo na Kano zuwa Kaduna da aka ƙaddamar a 2021, ga bututun gas na AKK, wanda ya riga ya gina shi zai ci riba. Akwai gaskiya a ciki. Wata rana birni zai iso Karfi, ba ko shakka. Amma "wata rana" ba ta biyan haya, kuma gini ba gona ba ne da za ka bari ta huta. In ya shekara biyar a kulle, fenti ya tashi, ɓarayi sun zare waya, sai ka sake kashe wasu kuɗin.

Masu son misalin ƙasar waje su duba Kilamba a Angola. Sabon gari ne da wani kamfanin Chaina ya gina wajen kilomita 30 daga Luwanda, kusan nisan Kura da Kano, benaye wajen 750, kan kuɗi kimanin dala biliyan 3 da rabi. A 2012 kafafen yaɗa labarai suka yi ta nuna shi fayau ba kowa. A 2013 gwamnati ta karya farashin gidajen, ta sauƙaƙa bashin saye, sai ga mutane sun cika shi. Ashe masu buƙata suna nan, farashin ne ya fi ƙarfinsu. Sai dai Angola da kuɗin fetur ta cike giɓin. A Kura wa zai cike? Ƙaramar hukuma?

Ka bi inda ake layi

Akwai hanya mai sauƙi ta gane abin da gari ke buƙata, ba sai ka ɗauko masani daga Abuja ba. Ka duba inda mutane ke layi, da inda suke biyan kuɗi a kan abu marar kyau don ba su da zaɓi.

Ka ga shinkafar da ake shanyawa a gefen kwalta, mota na watsa mata ƙura, akuya na sa baki, tsakuwa na shiga? Wannan mai ita zai biya kuɗi a ba shi daɓen siminti mai tsabta, balle injin busarwa. Tsakuwar nan ita ce ta daɗe tana zubar wa shinkafar gida daraja a idon matan birni. Ka ga matan da ke turara shanshera a ganga da manyan tukwane, hayaƙin itace na cin idonsu tun asuba? Ka ga masu injin casa da ke ƙona dizal don wutar ba ta tsayawa? Ka tambayi ɗayansu nawa yake kashewa a mai duk wata, za ka gane cewa duk wanda ya kawo masa tsayayyiyar wuta, ta sola ce ko ta layi na musamman, ya samu kwastoman da ba zai gudu ba. Ga albasa tana ruɓewa a rumbun kara. Ga manomi yana sakin shanshera a kaka, lokacin da ta fi araha, don ba shi da sito kuma mai taki na bakin ƙofa. Wani ɗan birni ya saya ya ɓoye wata huɗu ya ci ribar da ta fi ta wanda ya shiga taɓo. Ka tuna tambayarmu ta farko, ina kuɗin ke shiga? To ga ɗaya daga cikin ramukan.

Tumatir kuwa abin tausayi ne. Kwandon kaba ake danƙara shi, a ɗora wani kan wani, a kama hanyar Legas kwana biyu ko uku cikin zafi, na ƙasa ya zama miya tun kafin a haye Kwara. Ranar da kasuwa ta cika, wanda bai samu mai saye ba sai ya yanka ya baza a ƙasa ya yi kauɗa. Kwandon roba na haya, ɗakin sanyi, wurin shanya mai rufi, duk ba su da kyau a hoto. Ba wanda zai sa su a sitatus ya rubuta "garinmu ya ci gaba". Amma su ne abin da mutum zai zaro kuɗi ya biya yau ɗin nan.

Ko a harkar gidaje ma buƙata na nan, ba dai irin ta hoton ba. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da aka turo, ango sabon aure da gidan gado ya yi wa kaɗan, ciki da falo suke nema mai banɗaki da ruwa, a kuɗin da albashi zai ɗauka. Direban da ke kwana ƙarƙashin motarsa a Kwanar Gafan ɗaki mai tsabta da wurin wanka yake so, ba otal mai wurin ninƙaya ba.

Amma a nan ma sai an yi hattara, don kada a ce duk abin da aka jingina da noma zai ci. Ga masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa. An buɗe ta a 2016, an gina ta don ta niƙa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kullum. Wa zai ce za ta rasa tumatir a Kadawa? To ta rasa. Sharon ta fara buge ta, sannan aka yi ta ja-in-ja da manoma kan farashi, ta yi ta buɗewa tana rufewa, in ta buɗe ma ba ta samun abin da zai cika mata ciki. Dalilin ba boyayye ba ne. In kwando ya yi tsada manomi Legas zai tura, sai ranar da kasuwa ta faɗi yake tuna hanyar kamfani. Inji kuwa kullum yake son ci, a farashin da zai iya gogayya da tumatirin gwangwani na waje. In mai kuɗin Afirka ya gina abin da ya fi ƙarfin wurin ya sha wuya, ina ga ni da kai?

Kwatanta da ƙananan injinan casar Kura. Ba gwamnan da ya yanke musu ƙyalle. Wani ya fara da inji ɗaya a rumfa, ya ga layi ya yi yawa ya ƙara na biyu, ya sayi mai cire tsakuwa, ya buga buhu da sunansa. Yaronsa ya koya ya buɗe nasa a gefe. A haka garin ya zama cibiyar shinkafa da ake zuwa sari daga jihohi. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara musu kasuwa, faɗuwar farashi ta baya-bayan nan ta girgiza su, amma mai ƙaramin inji yana iya kashe shi wata biyu ya koma gona. Mai filazar miliyan 200 ba shi da wannan damar.

Wani abin da yawancinmu ba mu sani ba, wannan ba shi ne karon farko da Kura ta yi suna ba. Tun ƙarni na 19 garin ya shahara da rini da bugu. Turkuɗi da rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, daga karofin garin suke fita, fatake su kai su Agadas da cikin Sahara, Buzaye su saya da tsada. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ta rini a ƙasar Kano ya rubuta kundin digirinsa na uku. Ka ga tun wancan lokacin arzikin Kura ba daga abin da mutanenta ke saye yake zuwa ba, daga abin da suke yi da hannunsu su tura nesa ne. Jiya baba da shuni, yau shinkafa da tumatir.

Abin da ya sa na damu

Da a ce maganar ta tsaya kan attajiri ya gina filaza ta ƙi cika, da ban ɓata muku data ba. Kuɗinsa ne, ya ji da shi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƙasar da ake ginin a kai.

Duk inda aka fara maganar "gari zai iso", dillalan filaye ne ke fara isowa. Su sayi gona, su ja igiya, su yanka ta ƙanana, ba hanyar kirki ba magudanar ruwa, a sayar wa 'yan birni da ba su da niyyar tarewa. Hukumar tsara birane ta KNUPDA ta sha gargaɗi kan awon igiya, amma ka bi gefen titin ka ƙirga turakun siminti da harsashin ginin da aka yi layi uku aka bari. In gonar tudu ce, da sauƙi. In kuwa wadda ke shan ruwan Tiga ce, an yi asarar da ba ta gyaruwa, don hekta 15,000 ɗin nan ba ƙaruwa take yi da kanta ba. Dukiyar ƙasa aka zuba aka haƙa magudanan nan, aka daidaita ƙasar yadda ruwa zai gangara. Shago kana iya gina shi a kan fako ko tsakuwa. Shinkafa ba ta yarda da haka. Kuma gini ɗaya in ya toshe ƙaramar magudana, duk na ƙasa da shi sun shiga uku.

Mu matasa mu ne a tsakiyar wannan ciniki. Mahaifi ya rasu, an raba gado, eka ɗaya ta faɗo hannun mutum shida. Dillali ya zo da kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba. Ɗaya na son Adaidaita Sahu, ɗaya na son biza, ɗaya na son ya kama shago a sabuwar filaza ya zuba kayan waya. Ban ce kowa ya zauna a gona ba, eka ɗaya ba za ta riƙe gida shida ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma kafin a sa hannu, a zauna a yi lissafin abin da gonar ke bayarwa rani da damina, ko da haya aka ba da ita, a ajiye kusa da abin da shagon zai bayar a watan Agusta. Sau da yawa ba a yin wannan lissafin sai bayan kuɗin sun ƙare.

Su ma masu neman kujera da ke zuwa da zanen "sabuwar Kura" lokacin kamfe, akwai tambayoyin da suka fi tafi da ihu. A wace ƙasa za a yi ginin, tana cikin taswirar ban-ruwa ko tana waje? Mutum nawa suka biya kafin alƙalami tun ba a sa bulo ba? In rabin shagunan suka zauna a kulle, wa zai biya bashin? Wutar da za a ja wa wurin, me ya hana a fara ja wa layin masu injin casa?

Kwanakin baya na tsaya a bakin wata gona da aka kafa wa turaku, ruwa na wucewa a ƙaramar magudana ta gefenta, maƙwabciyarta kore shar da albasa. Na tambayi dillalin me za a gina. Ya ce shaguna, sama da ƙasa. Na ce wa zai kama? Ya nuna min titi da haɓa, ya ce ban ga motoci ba ne? Na juya na kalla. Motoci kam ga su nan, tirela bayan tirela, ɗauke da buhuna da kwanduna sun nufi kudu. Muna tsaye wajen minti 20, ba ko ɗaya da ta rage gudu.